Kati iri ɗaya guda biyu a wasan Vampire: The Eternal Struggle, suna haɗuwa ko na biyun asara ne? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya fara buga Vampire: The Eternal Struggle, wanda aka fi kira VTES, baya daɗewa sai ya ci karo da wannan gardamar a tebur: ina da kati kaza guda biyu, in na sauke su duka ƙarfinsu zai taru ne ko kuwa na biyun ya tafi a banza? Abinda yasa tambayar tafi zafi a wannan wasan shine babu iyaka ga yawan kwafin kati ɗaya da zaka zuba a dek ɗinka. A Magic: The Gathering guda 4 ne ƙarshe, amma anan in kaga dama ka zuba kati ɗaya sau 15 ba wanda zai ce maka don me, duk da cewa mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro wasannin biyu, wato Richard Garfield. Laburarenka, wato tarin katunan da kake ja zuwa hannu, dai ya kasance tsakanin kati 60 zuwa 90, bamfayoyinka kuma kada su gaza 12, shikenan. Toh tunda an buɗe wannan ƙofar dole a samu inda aka saka birki, kuma birkin nan ne mutane ke rikicewa a kai.

Don mu fahimci juna: jari shine abinda aka rubuta pool a jikin kati, kowa da 30 yake farawa, shine ranka shine kuɗinka. Bilid shine harin da ke zubar da jarin na hagunka. Sanɗa itace stealth, abinda ke hana a tare aikin bamfayanka, tsinkaye kuma intercept, abinda mai tarewa ke buƙata don ya kamo ta. Zagaye ɗaya na faɗa zan ce masa turmi, lokacin wasan kowane ɗan wasa kuma layi. Baiwa itace ikon bamfaya irin su Obfuscate da Dominate, kowacce tana da ƙaramin mataki da babba.

Malam a taƙaice dai, suna haɗuwa ko basa haɗuwa?

Asali suna haɗuwa. Ka riƙe wannan da kyau domin yawancin sabbin ƴan wasa a juye suke ɗaukar abin, suna zaton sai kati ya faɗa cewa yana taruwa sannan zai taru. A'a. In kati biyu suka samu shiga wasa ta halastacciyar hanya kowanne aikinsa zai yi, sai dai in doka ta hana ka buga na biyun tun farko, ko rubutun katin da kansa ya hana, ko kuma irin aikin da yake yi ba mai taruwa bane.

Duba Anarch Revolt. Katin masta ne, wato wanda ɗan wasa da kansa yake bugawa ba bamfaya ba, da ake ajiyewa a tebur, duk ɗan wasan da bashi da bamfaya anak (ɗan ƙungiyar anarch) a tsaye zai ƙona jari 1 a farkon layinsa. Babu inda aka ce guda ɗaya kawai za'a iya ajiyewa, don haka in guda 3 ne a tebur jari 3 zaka ƙona duk zagaye, har shi wanda ya ajiye su in bashi da anak. Sai ka dubi Army of Rats, shima ajiye shi ake yi, na hagunka ya riƙa ƙona jari 1 duk layinka, amma a jikinsa an rubuta ƙarara cewa jari 1 kacal za'a ƙona da waɗannan katunan a layi ɗaya ko guda nawa ka tara. Kaga aiki kusan iri ɗaya, layi ɗaya na rubutu ne ya raba su. Na biyun Army of Rats amfaninsa kawai in an ƙone na farko akwai na baya.

Ina da Lost in Crowds guda biyu a hannu, ana son tare ni, zan iya buga su duka?

Ba zaka iya ba. Wannan na daga cikin manyan dokokin wasan: bamfaya ɗaya baya buga katin gyaran aiki, wato wanda ake ɗorawa akan aikin da ake cikin yi, mai suna ɗaya sau biyu a cikin aiki ɗaya. Ko da zaka ce na farko a babban mataki na buga, na biyu a ƙaramin mataki zan buga, duk ɗaya ne, sunan katin ake dubawa ba matakin ba.

Amma sanɗar kanta tana taruwa in sunayen sun bambanta. Lost in Crowds a babban matakin Obfuscate sanɗa 2 ce, ka ɗora Swallowed by the Night 1, ka ɗora Faceless Night 1, ka kai 4 kenan kuma babu laifi. Sai dai akwai wani sharaɗi da ake yawan mantawa, ba'a ƙara sanɗa sai ana buƙatarta, ma'ana sai akwai wanda yake ƙoƙarin tare ka a lokacin kuma tsinkayensa ya kamo sanɗarka ko ya wuce. Ba zaka zazzage katunan sanɗa haka kawai don ka sauya hannu ba alhali ba wanda ya miƙe ya tare ka.

Toh ai naga wani ya buga Cloak the Gathering har guda 3 a aiki ɗaya, ba maguɗi bane?

Ba maguɗi bane in dai bamfayoyi daban-daban ne suka buga. Dokar akan kowane bamfaya take, ba akan ɗan wasa ba. Cloak the Gathering a babban mataki wani bamfayan naka ne daban, ba mai yin aikin ba, yake buga shi ya bawa mai aikin sanɗa 1. Don haka mai aikin zai iya buga nasa a ƙaramin mataki, ɗan'uwansa ya ƙara masa ɗaya, wani ma ya ƙara masa ɗaya. Abinda ba zai yiwu ba shine ɗayansu ya buga biyu. Wallahi wannan katin yana burge ni saboda shi yake koyawa mutum yadda dokar take tun kafin ya buɗe littafi.

Bilid fa? Conditioning da Threats ai sunansu daban, me yasa aka hana ni haɗa su?

Saboda bilid nada nasa birkin na musamman. In ka duba sabbin bugu zaka ga kalmar limited a gaban adadin, kuma a bilid ɗaya kati mai wannan kalmar guda ɗaya tak ake amfani dashi, ko sunansu ɗaya ko daban. Conditioning yana ƙara 2 a ƙaramin matakin Dominate, 3 a babba. Threats 1 ko 2. Bonding 1, a babba harda sanɗa 1. Foreshadowing Destruction, Aire of Elation na masu Presence, duk irinsu ɗaya ne. Ka zaɓi ɗaya. Tsofaffin bugu basu da kalmar, doguwar jimla ce a jikinsu mai cewa bayan wannan katin ba zaka sake buga wani don ƙara bilid ba, manufar dai ɗaya ce.

Inda mutane ke kuskure shine su zaci komai ma ya shiga wannan hanin. Bai shiga ba. Govern the Unaligned katin aiki ne, shine aikin kansa, a ƙaramin mataki bilid ne mai ƙarin 2. Bamfaya yana da bilid 1 na asali, da Govern ya zama 3, da Conditioning babba ya zama 6. In yana riƙe da Laptop Computer 7, in yana da hadima Tasha Morgan 8, in ga J. S. Simmons, Esq. shima 9. Duk waɗannan na dindindin ne, suna zaune a jikinsa, basu da ruwa da limited. Laptop ta biyu dai babu, an rubuta a jiki cewa guda ɗaya mutum zai riƙe, Tasha da Simmons kuma kowanne tilo ne a duk tebur.

Dan Allah kafin ka tara wannan uban lissafin ka tuna abu biyu. Na hagunka in yana da Deflection zai juya duka 9 ɗin ya tura wa wani, galibi nasa na hagun, kai ka kashe jini da katuna shi ya ci riba, in ma wancan ya mutu shi zai kwashi maki da jari 6. Sannan akwai Archon Investigation, jari 3 ake biya, in bilid ya kai 4 ko fiye a ƙone maka bamfayan gaba ɗaya da Laptop ɗin da hadiman. Ni a ganina bilid 3 sau uku daga bamfayoyi uku yafi 9 daga guda ɗaya kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, sai in ka tabbatar hannun mutumin ya bushe.

A ɓangaren tsaro ma haka dokar take?

Haka take. Bamfaya ɗaya baya buga katin martani mai suna ɗaya sau biyu a aiki ɗaya. Enhanced Senses sau ɗaya, in kana son ƙarin tsinkaye ka nemo wani suna kamar Spirit's Touch. Shima tsinkayen sai ana buƙata ake ƙara shi, sai sanɗar mai aikin ta fi naka.

Amma kamar yadda muka gani a Cloak, bamfayoyi daban kowa zai iya buga nasa. Telepathic Counter a babban matakin Auspex yana rage bilid da 2, in kana da bamfayoyi 3 da ba'a kulle ba, wato ba'a juya katinsu alamar sun yi aiki ba, kuma kowa nada katin, bilid 6 ya koma sifili, kuma bilid ɗin da bai kai 1 ba baya kawo Edge, alamar da wanda bilid ɗinsa ya ci yake karɓa.

Na dindindin kuwa anan ne taruwa take nuna kanta sosai. Raven Spy hadimi ne na masu Animalism, tsinkaye 1 yake bayarwa, ba tilo bane kuma ba'a iyakance shi ba, don haka bamfaya mai hankaki 3 tsinkayensa 3 ne a zaune ba tare da ya buga komai ba. Dek ɗin katanga da yawa akan haka aka gina su. Sport Bike shima 1 yake bayarwa amma abin hawa ne, kuma abin hawa ɗaya mutum ke mallaka, don haka babur biyu babu, babur da mota ma babu. Babur ɗaya da hankaki 3 da Mr. Winthrop kuwa 5 ne cif. On the Qui Vive kuma, mai bawa bamfayan da aka kulle damar yin martani, nashi hanin a jikinsa yake, sau ɗaya bamfaya zai buga shi har sai layinka ya sake zagayowa, shiyasa masu hankali ke gauraya shi da Wake with Evening's Freshness ko Forced Awakening.

Katunan faɗa fa, suma sau ɗaya ne?

Anan ne abin ya sha bamban, kuma anan aka fi yin musu. Waccan dokar ta suna ɗaya sau ɗaya bata shafi katunan faɗa ba kwata-kwata. A faɗa zaka iya buga kati mai suna ɗaya sau nawa ka ga dama sai in shi katin ne ya hana. An kawo maka duka mai rauni 4, kana da Skin of Rock biyu a babban matakin Fortitude, kowanne yana kare 2, ka buga su duka ka fita lafiya lau. Increased Strength a babban matakin Potence yana ƙara 2 akan duk dukan da ke buƙatar Potence har faɗan ya ƙare, ka buga biyu ya zama 4, ka jefa Thrown Sewer Lid mai rauni 3 daga nesa ya tashi 7. Ba wanda zai hana ka.

Waɗanda aka hana, a jikinsu aka rubuta. Carrion Crows guda ɗaya bamfaya zai buga a faɗa ɗaya dungurungum. Taste of Vitae guda ɗaya a kowane turmi, ma'ana in faɗan ya kai turmi na biyu zaka iya sake wani. Ka lura da bambancin nan sosai, a faɗa ɗaya ne aka ce ko a turmi ɗaya, domin dek ɗin da ke jan faɗa ya yi tsawo akan wannan bambancin yake rayuwa.

Sai kuma waɗanda ba'a hana ka buga biyu ba amma na biyun ba zai ƙara maka komai ba, saboda aikinsu ba ƙari bane. Torn Signpost baya cewa a ƙara maka ƙarfi, cewa yake ƙarfinka ya zama 2, a babban mataki 3. Ka buga biyu har yanzu 3 ne, ba 6 ba. Kamar agogo ne, in ka saita shi ƙarfe uku ka sake saita shi ƙarfe uku ai ba zai nuna shida ba. Amma bamfayan da dama yana da ƙarin ƙarfi 1 a rubuce a jikinsa, in ya buga Torn Signpost babba 4 zai doka, domin an fara saita tushe sannan ƙarin ya hau kai. Haka Claws of the Dead, yana mayar da raunin hannunka ya zama mai ƙuna, irin wanda ke kai bamfaya doguwar suma kai tsaye. Abu ne na ko akwai ko babu, na biyu a turmi ɗaya zubar da jini ne kawai.

Ƙarin duka kuma irin birkin bilid gareshi. Blur yana bada ƙarin duka 1 ko 2, Pursuit a babban mataki yana bada 1, dukansu limited ne, a turmi ɗaya daga wuri ɗaya kawai zaka samu. Blur biyu a turmi ɗaya babu, Blur da ƙarin dukan Pursuit ma babu. Turmi na gaba sabon lissafi.

Bamfayana yana riƙe da .44 Magnum guda biyu, harbi ɗaya zai zama 4?

Ba zai zama ba. Riƙewa kam ya halatta, babu iyaka ga makamai, amma kowane duka da makami ɗaya ake yinsa, rauni 2 ne. Ko kana da ƙarin duka ma bindiga ɗaya ta isa ka harba sau biyu. Ribar ta biyun ƴar kaɗan ce: kowace bindiga tana da damar sauya nisa sau ɗaya a faɗa, toh zaka yi amfani da ta ɗaya a turmin farko, ta ɗayar a turmi na biyu. A turmi ɗaya dai ba zaka haɗa biyun ba, domin da zarar ka yi amfani da damar wata bindiga ka riga ka zaɓe ta a matsayin dukanka na farko. Jari 2 akan wannan ya yi tsada, gara ka bawa wani bamfayan. Harsashi na musamman kuma kati ɗaya ake sawa bindiga a faɗa ɗaya.

Me ake nufi da kati tilo, kuma in mu biyu muka sauke iri ɗaya ya za'ayi?

Katin da aka rubuta unique a jikinsa guda ɗaya ne zai yi aiki a duk teburin. Kai da kanka ba zaka sauke na biyu kana da na farko ba, in ma wani dalili ya tilasta hakan mai shigowar ne ake ƙonewa.

In kuma wani ɗan wasan ne ya sauke irin naka, an shiga jayayya. Duka katunan a kife su, su daina aiki kamar basa nan. Duk lokacin da layi ya zo kanka ko ka biya jari 1 ka cigaba da riƙewa, ko ka saki a ƙone naka da duk abinda ke kansa. Wanda ya rage shi kaɗai zai buɗe nasa a farkon layinsa na gaba. Jayayya akan Elder Library mai ƙara maka kati 1 a hannu bata cancanci ka zubar da jari 4 ba, ka saki kawai. Amma in babban bamfayanka ne da ka zuba masa jari 10 toh nan kam sai a zauna a yi ciniki, kuma ciniki a tebur halak ne a wannan wasan, rabin daɗinsa ma kenan.

Kar wannan yasa ka ce tilo guda ɗaya za'a saka a dek. Dreams of the Sphinx tilo ne amma bayan amfani 3 yake ƙonewa da kansa, sai ka sauke wani, shiyasa zaka ga ana saka 2 ko 3.

In bamfayoyi tilo ne me yasa ake saka guda 4 ko 5 na mutum ɗaya?

Don a tabbatar ya fito. Guda 4 kawai kake ɗauka a farkon wasa cikin 12, in duk dabararka akan bamfaya ɗaya take dole ka yawaita shi. Sauran kwafin ba fitowa zasu yi ba. Akwai dai ƴan kaɗan da aka rubuta musu cewa su ba tilo bane, kamar Tupdog da Aabbt Kindred, su kam ka fito da ko nawa. Sannan akwai masu siga biyu, ta asali da ta gaba, in kana da ɗaya a tsaye ɗayar tana jira zaka iya haɗe su su zama mutum ɗaya da tiransifa 4 (damar tura jari ga bamfayan da ke jira) da jari 1.

Sarauta ma ana jayayya a kanta. Bamfayoyi biyu daban suka ce kowa shine yariman birni ɗaya, toh dukansu babu mai ƙuri'ar sarautar har sai ɗaya ya sauka, sai dai anan bamfayan ne ke biyan jini 1 ba kai da jarinka ba.

Blood Doll biyu akan bamfaya ɗaya?

Suna aiki duka, jini 2 zaka ja zuwa jarinka duk layi, ko ka tura masa 2. Matsalar ka tsotse shi da wuri ne kawai.

Villein yafi ban sha'awa, domin shi hukuncinsa ne ke taruwa. Kana ɗora shi ka kwashi jini 2 zuwa 5, amma yana zama a jikin bamfayan yana ƙara jari 1 akan kuɗin duk wani Villein da za'a sake ɗora masa. Na farko kyauta, na biyu 1, na uku 2. Filin farauta kuma, irin su Asylum Hunting Ground na Malkavian ko Slum Hunting Ground na Nosferatu, zaka iya mallakar biyu masu suna daban, amma bamfaya ɗaya daga fili ɗaya zai sha a layi ɗaya, na biyun sai ka bawa wani. Kuma duk yadda ka tara hanyoyin jini, abinda ya wuce cikin bamfaya, wato iyakar jinin da zai iya riƙewa, zubewa yake yi ya koma banki.

Katin koyar da baiwa, misali Dominate, in bamfaya bashi da ita na farko ya bashi ƙaramin mataki na biyu ya kai shi babba, kowanne kuma ya faɗaɗa cikinsa da 1. Na uku baya hawa.

Na buga tirayful biyu, ai ya kamata in samu ƙarin masta biyu ko?

Ɗaya zaka samu. Kowa yana da damar masta 1 a layinsa, katin da aka rubuta trifle yana mayar maka da damar in ka buga shi, amma sau ɗaya ake wannan mayarwar a layi. Villein sannan Blood Doll ya yi. Villein, Vessel, sannan ka nemi na uku, babu.

The Parthenon yana ƙara dama 1 in ka kulle shi, wannan ƙari ne na gaskiya. Anson kuwa, yariman Seattle ɗin nan na Toreador, rubutunsa cewa yake kana da dama biyu a maimakon ɗaya, haka ma Nana Buruku ta Guruhi, cikin bamfayoyin Afirka da ake kira Laibon. Ka fito da su biyun har yanzu dama biyu ce, irin lissafin Torn Signpost ne. Anson da Parthenon kuwa 3.

Katin aukuwa, wanda ake bugawa a lokacin zubar da kati, kowanne sau ɗaya ake buga shi a duk wasan, ko waye ya buga.

Da Freak Drive zan iya yin bilid sau biyu da bamfaya ɗaya?

A'a. Freak Drive yana buɗe bamfaya bayan aiki da jini 1, kuma zaka iya buga ɗaya a kowane aiki, uku a layi ɗaya ma in ayyukan uku ne. Amma bamfaya ɗaya bilid ɗaya yake yi a layi, aikin siyasa ɗaya, kuma baya maimaita katin aiki mai suna ɗaya. Don haka Govern a babban mataki ka zuba jini 3 wa ƙaramin da ke jira, ka buɗe, ka sake Govern a ƙaramin mataki, wannan bai halatta ba. Amma Govern babba, ka buɗe, sannan ka yi bilid na asali ba tare da kati ba ka ɗora Conditioning, wannan daidai ne.

Ƙuri'un zaɓen da ake kira da katin siyasa fa?

Kusan duka taruwa suke. Yarima 2, Bewitching Oration babba 4, katin da aka kira zaɓen dashi 1, ka ƙona Edge 1, ka kulle Ventrue Headquarters 3, ka tashi da 11. Bewitching na biyu daga bakin wannan bamfayan babu, tunda katin gyaran aiki ne. Kuma kowane ɗan wasa katin siyasa ɗaya yake mayarwa ƙuri'a a zaɓe ɗaya, in kai ka kira toh katin kiran ya cinye wannan damar. Bamfayoyi biyu kowa ya kira nasa Kine Resources Contested a layi ɗaya kuwa babu matsala, 4 da 4 ne za'a raba wa mutane.

An soke min Conditioning da Direct Intervention, zan iya buga wani Conditioning ɗin?

Wannan bamfayan ba zai iya ba a wannan aikin, domin katin da aka soke ana lissafa shi an buga, aikinsa ne kawai bai faru ba. Amma tunda aikin bai faru ba ƙofar limited bata rufe ba, in kana da Threats ko Bonding ka ɗora abinka.

Katina tsoho ne, rubutunsa ya saɓa da na abokina, wanne za'a bi?

Rubutu mafi sabo ake bi ko wanne bugu ne a hannunka. Wasan ya daɗe, Wizards of the Coast ne suka fara fitar dashi a 1994 da sunan Jyhad, aka sauya masa suna a 1995, White Wolf suka karɓa suka cigaba daga 2000, aka daina bugawa a 2010, sai Black Chantry Productions suka dawo dashi a 2018. A tsawon nan an gyara rubutun katuna da yawa, kuma irin layukan da muke magana akai ne aka fi taɓawa. Ƙungiyar ƴan wasan, VEKN, ita ke riƙe da jerin rubutun da ake aiki dashi da hukunce-hukunce, kafin musu ya yi nisa a ɗauko waya a duba. In kuma rubutun kati ya ci karo da littafin doka, katin ne ke da gaskiya.

Toh guda nawa ya kamata in saka na kowane kati?

Ka tambayi kanka ko guda nawa zaka iya fitarwa daga hannu a layi ɗaya. Hannunka kati 7 ne, kana bugawa kana cikewa nan take, amma wanda ya maƙale guda ɗaya kawai kake iya zubarwa a ƙarshen layi. Katin aiki kamar Govern ka saka 12 ko fiye ba komai, kowane bamfaya zai ci ɗaya duk layi. Sanɗa kuwa in kana son guda 16 kar ka zuba Lost in Crowds 16, ranar da na hagunka ya miƙe da tsinkaye 3 zaka zauna da guda huɗu a hannu kana kallonsu. Raba su gida huɗu, Lost in Crowds, Swallowed by the Night, Faceless Night da Cloak the Gathering. Masu ƙara bilid suma ka gauraya suna biyu saboda Direct Intervention, amma jimlarsu kada ta wuce yawan bilid ɗin da kake sa ran yi, tunda ɗaya ne ke fita a kowanne. Carrion Crows ka lissafa shi da yawan faɗan da zaka shiga, Skin of Rock da Increased Strength kuwa su ne zaka iya cikawa ba fargaba domin ko uku suka taru a hannunka faɗa ɗaya zai kwashe su.